Kalmar da Tahani Ta Zo da Ita

Tahani ta dawo daga Sinnar da littafi a hammata,
ta same ni a gaɓar Nilu, nan bayan Mai Wurno,
hannuna duk baƙin mai,
ina duba cikin injin ban-ruwan Malam Jibo.

Ta ce, Kaka, yau an ba mu kalmar Turanci
mai tsawo kamar igiyar guga.
Ta faɗa. Na ce, sake.
Malifuluwas.
Na gwada, harshena ya yi tuntuɓe sau biyu,
ta yi dariya har mayafinta ya zame.

Ta ce Ustazu Abdulbaƙi ya fasa musu ita kamar goro:
ɓari ɗaya zuma, ɓari ɗaya kwarara.
Ana faɗinta ga muryar da ke shiga kunne
ba ƙaya, ba tsakuwa,
ba ta tsayawa neman hanya.

Na ce, ashe zaƙin murya kuke wa doguwar riga.
Mu ma mun sa zaƙi a maƙogwaro
tun kafin kakana ya baro Haɗeja a ƙafa
da buta da niyyar Makka.
Ta ce, a'a, Kaka, sukari ma da zaƙi,
amma zubewa yake yi, ba ya malala.
Na yi shiru. Yarinyar ta kama ni.

Na ɗaure noti, na ja igiya.
Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi,
sannan ya daidaita numfashi,
ruwa ya hau bututu, ya bi kwari zuwa ga albasa.
Na ce, to wannan fa?
Ta ce ba a ba ƙarfe ita.
Ta mai ƙira'a ce, ta sarewa,
wani lokaci ta dillalin da ke shafa maka zuma a kunne
hannunsa na cikin aljihunka.

Shekara arba'in da ɗaya kunnena ne ma'aunina.
Daga kan gado nakan ji injin da zai mutu jibi.
Amma ban yi musu ba.
Mai kalma shi ya san inda yake ɗaure ta.

Da dare, bayan kisira da miyar kuɓewa,
ta shimfiɗa littafi kusa da fitila.
An ce su sa kalmar cikin jimla.
Ta ciji biro, ta kalli rufi,
ta tambaye ni yadda muryar kakarta take,
don tana goye aka binne Tasalla.

Me zan ce?
Muryar Tasalla tsakuwa ce a cikin gwangwani.
In ta kira ni daga tsakar gida, awakin maƙwabta sai sun ɗaga kai.
Hayaƙin murhu ya cinye mata taushin maƙoshi tun tana da ƙuruciya.
Ba zuma ko ɗigo.
Shayinka ya huce, kai da injinanka!
Haka take cewa, kullum, kullum,
shekara talatin ina ƙorafi.
Yau shekara goma sha huɗu ina shan shayi da zafinsa,
ba wanda ya ce mini komai.

Kafin in buɗe baki Tahani ta rubuta.
Ta karanta mini da Turanci, ta juya da Hausa:
Muryar kakata zuma ce mai kwarara.
Ta ce, daidai ne?

A can gaɓa injin Malam Jibo na ta aikinsa,
ina jin wani noti da ban ɗaure sosai ba.
Na ce, kai wa Ustazu haka.
Rage fitilar, mai ya yi tsada.