Makaɗa Sittin a Ɗakin Haya

A Samaru, bayan layin masu gyaran waya,
ɗakina taku huɗu ne da rabi,
amma makaɗa sittin ke kwana a ciki,
ba wanda ya taɓa neman tabarma.

Suna cikin wani faifai
da bai kai tafin hannuna ba.
Wata uku na yi ina sauke su,
cikin dare, lokacin da data ke araha,
kamar mai jan ruwa da hujajjen guga.

An ce a wani zaure aka naɗe su,
can inda ƙanƙara ke toshe ƙofa.
Kowa ya ja gogensa sau ɗaya, a tsaya.
Ya sake ja da ƙarfi, a tsaya.
Ya ja a hankali kamar mai gudun tada jariri.
Aka yanka sautin gunduwa-gunduwa,
aka jera kamar kayan koli.
Yau in na taɓa madanni da ɗan yatsa
duk sai su miƙe,
ba sallama, ba ina gajiya.

Zuwaira ce ta kawo aikin.
Ita da ƙawayenta sun ƙera wasa a waya:
yarinya na tsallake duwatsun Kubanni
tana neman akuyarta.
"Daƙiƙa arba'in nake so," in ji ta,
"ya riƙa zagayowa, kada a gane ɗinkin.
In ta faɗa ruwa, kiɗan ya tausaya mata,
amma ban da kuka.
Ai za ta sake gwadawa."

Na jera su, masu goge a hagu, masu busa a baya.
Sun yi duk abin da na ce.
Abin da ya dame ni ke nan.
Ruwan da suka kwararo ba na Kubanni ba ne:
ya cika haske,
ba laka, ba ledar da ta maƙale a ciyawa.

Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi shiru, batir saura kashi sha tara.
A nan na ji shi,
a gindin wani dogon sauti:
wani ya ja numfashi kafin ya ja baka,
kujera ta ɗan yi ƙara.
Ashe mutum ne.
Wataƙila bayansa na ciwo ran nan,
wataƙila shi ma mai gida na jiran kuɗin haya.
Na kai hannu zan goge wurin,
na fasa.

Da gari ya waye na hau acaɓa zuwa Tudun Jukun.
Baba Cindo na shanya gogensa a rana,
tsarkiya ta saki saboda damina.
Ya saurari mutanena sittin har ƙarshe,
ya ce, "Sun iya.
Amma wa ya mutu ba su je gaisuwa ba?"
Sannan ya ja nasa.

Sautin ya faɗa tsakanin farin madanni da baƙi,
inda ba a gina masa ɗaki ba.
Kwamfuta ta ja jan layi, tana so ta miƙe shi.
Na ce mata, kul.
Su sittin ɗin na sa suka rusuna,
ɗaya bayan ɗaya,
har suka sami tsayin tsoho.

Jiya a Kwangila, cikin cunkoso,
wani yaro a keke ya duƙufa kan wayar uwarsa.
Na leƙa.
Da gangan yake jefa yarinyar a ruwa.
Ta fito, ya sake jefa ta.
Uwar ta ce, "Kai ba ka iya ba ne?"
Ya ce, "Tsaya, Umma, ki ji nan wurin."

Baba Cindo ya ja,
baƙon can ya numfasa,
ni kuwa na wuce inda zan sauka.