Ginshiƙi na Uku

Na sauka Idumota da hantsi,
danfo ya tofar da ni kamar ƙwallon goruba.
A aljihuna hoto ne da ya koɗe:
Baba Tanimu, siriri, da hular ƙube,
ya jingina da ginshiƙin tsohon masallaci,
huhun goro biyu a gefensa.

Ya sha faɗa mana bayan lisha:
"A Ikko akwai wani ɗakin Allah
da birkiloli suka ɗora da hannu
tun jirgin ƙasa yana abin kallo.
Ginshiƙi na uku daga ƙofa, shi ne nawa.
Nan na yi kuka ran da ruwa ya ci gorona,
nan aka kawo mini albishir ɗin haihuwarka."

Na kutsa tsakanin masu atamfa da masu cajar waya,
wata mai kifi ta taka ni, ta ce "pele",
sai ga hasumiya huɗu sun tsaga hayaƙi,
ƙubba na ƙyalli kamar tasar da aka goge da toka.
Ba wannan ne a hotona ba.

Dattijon da ke tsaron takalma, Alfa Lasisi,
ya karɓi hoton, ya nisanta shi da idonsa.
Hausarsa ta Agege ce, da ɗan gishirin teku:
"Wannan ai an rushe shi, ɗana,
ina saurayi. Ya yi wa jama'a kaɗan,
rigar yaro a jikin magidanci.
Mun yi kuka, sannan muka ɗauki bulo."

Na ce, to ginshiƙin fa?
Ya ce, "Je ka yi alwala."

Ruwan famfo da ɗumi. Daɓen da sanyi.
Na ƙirga ɗaya, biyu, uku daga ƙofa,
na tarar da ɗan dako yana barci,
gammo ne matashinsa, ƙafarsa duk faso.
Ban tashe shi ba.

Ladan ya kira, janareta na gurnani a baya,
kasuwa ta shigo da zufarta:
Bayarabe, Banufe, ɗan Nijar, da ni,
kafaɗa ta matse kafaɗa.
Muka fuskanci inda Baba ya fuskanta.
Gini ake rushewa,
gabas tana nan inda ya bar ta.

Da na fito, Alfa ya miƙo takalmina.
Na ba shi goro ɗaya, fari.
Ya fasa,
ya maido mini da rabi.