Azumin Mai Ƙosai a Obalende

Ƙarfe huɗu na tashi, Legas ko runtsawa ba ta yi ba,
janareton maƙwabci yana ta tari.
Na durƙusa kan siminti,
gwiwata na taɓa bokitin waken da na jiƙa.
Ubangiji, ga ni. Yau kwana goma sha tara.

A ƙarƙashin gada na hura wuta.
Ƙullu ya faɗa mai, ya kumbura, ya yi ja,
ƙamshi ya bi hanci ya sauka har cikin ƙashi.
Iya Bose mai koko ta leƙo tana dariya:
"Briskila, ki soya ki kwana da yunwa, wa ya aike ki?"
Na ƙara mata biyu gyara.

Ciki ba shi da wuyar lallashi,
ka ce masa anjima, sai ya kwanta.
Harshe ne ɗan tawaye.
Ɗan kamasho ya ɗebi biyar bai biya ba,
ya haɗa da zagin uwata.
Amsa ta taso mini maƙogwaro da zafinta.
Na haɗiye.
Ita kaɗai ta shiga cikina tun safe.

Wajen ƙarfe tara wani mai kwat ya bar canjinsa,
ya ruga ya kama danfo.
Kuɗin makarantar Filibus ya faɗo mini a rai,
da kwanon ɗakinmu na Zonkwa da ke yoyo.
Hannu ya riga ya nufi lalita.
Na bi shi a guje tsakanin motoci,
na cusa masa ta taga. Ko kallona bai yi ba.

Kada a ɗauke ni waliyyiya.
Ranar Talata na faɗi:
na ci uku a ɓoye, bayan tukunya,
na kuma yi wa yarinyata tsawa ba gaira ba dalili.
Da dare na gaya Maka, Ka ji,
Laraba na sāke ɗaura ɗamara.

Kai da Ka ɗauki naKa har kan tudu,
nawa kasko ne, baƙi, mai kunne ɗaya.
Ina ɗora shi a ka in hau gada da yamma.

Shida ta buga.
Na huda ledar ruwa da haƙori,
na dakata,
na ce na gode tukuna.