Jinina Ya Tafi Goron Dutse

Gobe jarrabawa, littafi a cinyata,
ina bakin kududdufin Ƙofar Na'isa,
ido ya ƙi takarda, ya tafi yawo.

Saniyar Baffa Jauro na tsaye cikin ciyawa,
carki a doronta yana tsince kaska.
Shi ya ƙoshi, ita ta huta da ƙaiƙayi,
ba mai bin wani bashi.
Balbela kuwa a baya take rakuɓe,
tana cafke farar da kofato ya tayar,
saniya ba ta ma san da ita ba.

Can kan tsamiya kauci ya yi kore shar,
reshen da ya goya shi yana bushewa.
Sai na tuna ɗan hayar Kawu Sidi,
shekara uku ba ko sisi.

Sauro ya sha jinina. Na kai mari, na makara.
Kwaɗo bai makara ba.
Shi ma kafin la'asar
zalɓe ya ɗaga shi ta ƙafa guda.
To jinina yanzu yana ina?
Ga shi can sama, ya nufi Goron Dutse.

Tabawa mai zogale ta zo wucewa:
"Ɗan boko, me kake ƙura wa ido?"
Na ce, "Iya, ashe kowa a wuyan wani yake."
Ta yi dariya har faifanta ya karkace:
"Sai yau ka sani?
Ni da nake shuka wake a gindin gero
tun ba a yaye uwarka ba."

Na rufe littafin.
Kusa da takalmina kiyashi sun taru,
suna jan gawar fara zuwa rami.