Minti na Arba'in da Ɗaya

Bai yi mako a kasuwa ba.
Ɓarawon awaki ya kamu da son 'yar sandar da ke farautarsa;
an so a yi dariya, ba a yi ba.
Mai sharhi ya rubuta:
"Akuyar ta fi jarumin iya kuka."

Na tsinci faifan a Kasuwar Barci,
ƙarƙashin kwancen takalma, naira hamsin.

Ban musa musu ba.
Amma a minti na arba'in da ɗaya,
da Tanimu ya tsallake kwata a Tudun Wada,
can baya, innata Kande na juya ƙosai,
ta ɗago, ta harari kyamara.

Shekara tara da rasuwarta.
Nan nake tsayar da shi,
ta harare ni.