Busa Uku

Ranar Laraba, ko gajimare babu,
aka ce mu yi kamar gulbin Rima ya tumbatsa.
Muka taru a filin firamare, nan Kware,
muna dariya, ƙafafunmu a bushe.

Malama Tumba ta ja layi da gawayi a bango:
"In ruwa ya taɓa nan, kada kowa ya koma ɗaukar tukunya."
Ta rataya mini usur.
Busa uku, a tashi.
Ɗaya doguwa, akwai wanda ba a gani ba.

Nomau ya ɗaure igiya ɗaurin jaki,
aka kwance, aka sake koya masa.
Tsoho Arzika ya rantse ba zai hau tudu
ya bar akuyarsa mai ciki ba.
Sai aka sa akuyar a lissafi.

Muka bi gida-gida:
ina makaho, ina mai jego,
wa zai goya Inno Hajo in ƙafa ta ƙi.

Nan dariyata ta tsaya.
Shekarar da ruwa ya ci rumbunmu da dare
babu wanda ya ƙirga mu.
Sai da gari ya waye
muka ga babu Jaɓɓi.

Yanzu usur yana ƙarƙashin matashin kaina.
In hadari ya taso nakan laluba shi,
in fara jera sunayen maƙwabta a zuci,
daga gidan Ɗan'ige
har bakin fadama.