Turke Biyu da Ƙugun Dutse

Mun bar mota a gindin shingen ƙerana,
muka hau Shere da ƙafa.
Ni ke ɗauke da batir, ya fi tulun ruwa nauyi,
Baba Choji da naɗin waya a kafaɗa,
Kawu Barau kuwa sanda kawai ya riƙe,
sandar nan mai haɗiye kanta,
gaɓa cikin gaɓa,
in an zaro ta sai ta kai tsayin mutum biyar.

Can ƙasa Jos ta kwanta,
tsofaffin ramukan kuza sun cika da ruwan damina,
kowanne ya yanki rabonsa na sama ya riƙe.

"Auna," in ji Kawu.
Na auna: mita biyar da 'yar ɗoriya ta dama,
haka ta hagu.
"Sake. Waya ba ta yafe ganganci."
Shekara biyu ke nan hannunsa na rawa,
ko ƙulli ba ya iya ɗaurawa,
amma daga inda yake zaune
ya hango kuskuren yatsa biyu.

Turken farko ya shiga.
Na biyu ya shiga.
Na uku ya tarar da fa a ƙarƙashin ciyawa,
ya lanƙwashe, ya ƙi.
Baba Choji ya yi dariya har da tari,
ya ce dutsen kakanninsa ne,
ba ya karɓar baƙon da ya yi sallama da guduma.
Sai muka ɗaure igiyar a ƙugun wani dutse,
ya riƙe mana ba ko sisi.

Na fara zarowa.
Gaɓa ɗaya, biyu, huɗu,
iska ta zo ta dafa kan sandar,
ta rusuna kamar mai gaida suruki.
"Ja taka, Choji!"
"Tawa a ja take, ka kula da bakinka!"
Haka suke tun suna gyaran layukan tarho,
tun ba a haife ni ba.

Wani yaro mai awaki ya tsaya, baki buɗe.
Ya ce, "Kifi za ku kama a sama?"
Kawu ya ce, "Zauna ka gani."

Eriya ta miƙe, hannuwa biyu a buɗe.
Allurar ma'auni ta yi tsalle, ta ƙi kwanciya.
Muka sauke, na datse ɗan farce, muka ɗaga.
Muka sake saukewa.
A karo na uku ta kwanta.

Akwatin ya fara shuuu,
irin ruwan sama a kan kwano.
Kawu ya kama makirufo da hannu biyu,
ya kira, ya faɗi lambarsa harafi harafi.
Shiru.
Ya sake kira.

A nan Baba Choji ya ce da ni, a hankali:
shekarun da gari ya tsage,
unguwa ta daina shiga unguwa,
da irin wannan waya suke jin juna.
Shi a bayan ɗakinsa, Kawu a kan soro,
ƙarfe tara na dare.
Ba sa cewa komai sai, "Ina jin ka. Kana ji na?"

Sai ga murya,
siririya, tana nitsewa tana tasowa,
daga wani tsibirin da sai na duba taswira.
Wani tsoho ne shi ma, ga alama,
yana neman a maimaita masa sunan garinmu.
Kawu ya maimaita. Haruffa uku.
Ya miƙo mini littafi da biro,
na rubuta lokaci: huɗu da minti goma sha bakwai.

Hadari ya haɗo daga gabas.
Abin da muka yi awa biyu muna tayarwa
cikin minti goma ya koma jaka.
Yaron ya taya mu naɗe igiya,
yana tambaya ko mutumin ya ji kukan awakinsa.

Turken da ya lanƙwashe yana aljihuna.
Kawu ya ce kada in miƙar da shi,
wai mako mai zuwa
mun riga mun san inda dutsen yake.